Mai kulob ya bar zaɓe ga masu sa ido

Ka tambaya ko mai kulob ɗin ƙwallon kwando na da hurumin sa baki a zaɓen sabbin 'yan wasa. Iko dai yana da shi, tunda kuɗinsa ne, amma bai dace ya zaɓi ɗan wasa da kansa ba. Ya faɗi iyakar abin da zai kashe, ya bar sauran ga waɗanda suka shekara suna bin yaran fili-fili.

Na daɗe ina bin gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, abin da ya faru a 2013 har yau yana ci min rai. Donnie Nelson, shugaban harkokin 'yan wasa na kulob ɗin Dallas Mavericks a lokacin, ya so kulob ɗin ya ɗauki matashin ɗan wasa Giannis Antetokounmpo, mai kulob ɗin a lokacin, Mark Cuban, ya ƙi, don yana tara kuɗin neman shahararren ɗan wasa Dwight Howard. Howard ya tafi Houston, Milwaukee ta ɗauke Giannis a lamba ta 15 a zaɓen sabbin 'yan wasa, ya ci mata kofi a 2021.