Ruwa ya shiga motata a kan tirela, wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar motoci a Agege. A watan Yuli na fitar da wata Camry daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Apapa, na ba mai tirelar dakon motoci ya kai wa mai ita Kano, aka ɗora ta a hawan ƙasa. Da ta isa kafet sharkaf, laka har cikin but. Direba ya ce ruwa suka tarar ya cinye hanya. Mai tirela ya ce ikon Allah ne, ya nuna mini webil, wato takardar ɗaukar kaya, inda aka rubuta da Turanci cewa asara tana wuyan mai kaya. Ya kuma ce tirelarsa tana da inshora. Ina da hakki, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, ka kira Kano ka ce kada kowa ya tayar da motar. Idan ruwa ya shiga injin aka murɗa makulli, ƙaramar ɓarna ta zama babba, kuma ka ba mai tirela bakin cewa ku kuka kashe ta. Bakanike ya zaro sandar baƙin mai ya duba. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. A ɗaga kafet, a leƙa ramin safayar taya, a ɗauki hoton layin da laka ta bari a jikin ƙofa. Wannan layin shi ne shaidarka, domin yana faɗin iyakar inda ruwan ya kai.

Maganar ikon Allah gaskiya ce, babu musulmin da zai musa. Amma ba ta rufe zancen ba. A fiƙihu, wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Dokar Najeriya ma kusa da nan ta tsaya, har ta ɗora wa wanda ya karɓi kayan nauyin nuna cewa ba sakacinsa ba ne. Saukar ruwan sama ba laifin kowa ba ne, sai dai a tambayi abin da direba ya yi da ya ga ruwan. Ambaliyar da ta afka wa Mokwa cikin dare a ƙarshen watan Mayun 2025, ta ci rayuka ta karya gada, daban take da direban da ya iso ya tarar da manyan motoci sun yi layi suna jira, kamar yadda aka yi a Koton Karfe a 2022, shi kuwa ya kutsa don yana sauri. Motar da ke kan tirela ta ɗaga daga ƙasa sosai. Kafin ruwa ya kai kafet ɗinta, ba ƙaramin ruwa aka shiga ba. Ka nemi yaron motar ka ji daga bakinsa, ka kuma tambayi masu sauran motocin da aka ɗauko tare da taka.

Rubutun webil yana rage maka ƙarfi, ba zan ɓoye maka ba. Amma kotu ba ta saurin barin mutum ya fake da ƙananan haruffa ya tsere wa sakacinsa, musamman in ba a nuna maka sharaɗin ba kafin a yi lodi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Inda nake jin tsoro shi ne nan: zai iya cewa motar a jiƙe ya karɓe ta. Duk wanda ya san Apapa da damina ya san garejin da ke zama tafki. Kana da hoto ko bidiyo na ranar lodi? In akwai, ka riƙe shi gam.

Batun inshorar tirelarsa kuwa, ka ce ya nuna maka takardar. Sau da yawa za ka tarar ta dole ce kawai, wadda ke biyan wanda aka buge a hanya. Ba ta biyan kayan da ke kan motar. Wadda ta shafe ka ita ce inshorar kaya a hanya, GIT, ko ta alhakin ɗan dako. In yana da ita, a sanar da kamfanin yau a rubuce, domin jinkiri kaɗai yana sa su ƙi biya. In babu, ka rubuta masa takardar neman diyya da ƙiyasin bakanike, ku fara zama gaban shugabannin tasha. In ya ƙi, gwamnatin Legas tana da cibiyar sulhu ta 'yan ƙasa da ke sauraron irin wannan kyauta, kafin a kai ga lauya.

Tambaya: Malam, ina Idi-Araba, za mu koma Kaduna a watan Satumba, zan ɗora motata a tirela. Ina da cikakkiyar inshora. Ta isa?

Amsa: Hajiya, kada ki dogara da sunan. Wasu kamfanoni suna sa ambaliya a ciki, wasu sai an biya ƙari. Ki rubuta musu tambaya biyu: shin kuna biyan ɓarnar ambaliya da ƙanƙara, kuma kuna biya idan motar tana kan tirela ba a kan tayarta ba? Su amsa a rubuce, ba ta bakin wakili ba. In sun yi ƙwauron baki, ki sayi GIT ta tafiya ɗaya da sunanki, a rubuta lambar shasi da ainihin kuɗin motar. Ki nemi mai faɗi, wadda ake kira sharaɗin A. Sharaɗin C ya fi araha, yana biyan gobara da karo da kifewa, amma ruwa ba ya ciki, kuma ruwan ne damuwarki, tunda Satumba damina takan dawo Legas bayan ɗan hutun Agusta, a lokacin kuma Neja da Binuwai suke cika.

Ki biya kafin tirela ta tashi, don ƙa'idar ita ce in ba a biya ba, babu kariya. Ki tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, don takardun bogi sun yi yawa a bakin ofisoshin lasisi. In zuciyarki ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, irin su kamfanonin Noor da Jaiz, ki tambaye su ko suna da ta kaya a hanya.

Tambaya: Sama ko ƙasa, ina ya fi a ɗora mota?

Amsa: Da damina ni sama nake zaɓa. Sama tana shan ƙanƙara da rassan bishiya, wannan aikin mai gyaran jiki ne da fenti. Ƙasa tana shan ruwa, shi kuwa in ya taɓa wayoyi da birenbos, wato kwamfutar motar, wata uku bayan an shanya kafet motar tana iya fara kunna fitilu da kanta. A rubuta "sama" a webil, domin akan sauya wa motoci wuri in an tsaya sauke wata a Ilori ko Kaduna. Ka zagaya motar da bidiyo tare da direban, ciki da waje, ka rufe gilasai da kanka, ya sa hannu cewa a bushe ya karɓa.