Mutum Ɗaya Ne Ya Farkar da Larabawa?

TAMBAYA: Malam, a aji an ce mana Rifa'a al-Tahtawi ne uban Nahda, wato farfaɗowar ilimin Larabawa a ƙarni na 19. Anya mutum ɗaya zai iya juya tunanin yanki guda? Daga wata ɗalibar Larabci.

AMSA: 'Yata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tahtawi ya yi nasa: ya raka ɗaliban Masar zuwa Faransa a 1826 a matsayin limaminsu, ya dawo ya shugabanci makarantar fassara a Alƙahira. Amma ni in za a ba ni zaɓi, jirgin ruwa guda zan nuna miki.

A 1897 samari biyu daga yankin Tarabulus ta Sham, a Lebanon ta yau, suka shiga jirgi ɗaya zuwa Masar: Rashid Rida, Musulmi, da Farah Antun, Kirista. Abin da ya ja Rida shi ne tsofaffin kwafen al-Urwa al-Wuthƙa, jaridar da malaman gyara biyu, Jamal al-Din al-Afghani da Muhammad Abduh na Masar, suka buga a Faransa a 1884. Fitowa 18 kacal ta yi ta mutu, amma ta riga ta shuka abin da ta shuka. Rida ya zama almajirin Abduh, ya kafa mujallar al-Manar a 1898, har a Indonesiya ana karanta ta. Antun kuwa ya buɗe tasa, al-Jami'a, ya yi rubutu kan Ibn Rushd, masanin falsafa na Andalus, rubutun ya harzuƙa Abduh, aka yi ta musayar raddi kan addini da mulki. Abotar Rida da Antun ta lalace, masu karatu suka ci riba.

Ba su kaɗai ba ne. 'Yan'uwa biyu 'yan Lebanon, Salim da Bishara Takla, su suka kafa jaridar al-Ahram a Iskandariyya. Mujallar al-Muƙtataf ta fara a Beirut a 1876, ta yi hijira zuwa Alƙahira, inda takunkumin daular Usmaniyya ta Turkawa bai kai ba.

Ra'ayi bai taɓa haɗa su ba, harshe ne ya haɗa su. Sun sauke wa Larabci nauyin saja'i, wato zube mai amsa-amo, suka ƙera kalmomin da zamani ke nema, har mutumin Bagadaza da na Tunis suka zama masu karanta shafi ɗaya. Kalmar majalla ma, da ma'anar da muka sani yau, Ibrahim al-Yaziji, marubuci ɗan Lebanon, ake jingina wa. Ita ce muke cewa mujalla a Hausa.