Na biya a kai shafina sahun farko a Google, yanzu kuma an ce in yi talla

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, na buɗe shafin intanet bara. Wani yaro ya karɓi kuɗina, ya ce zai sayo mini linki guda dubu biyar, wato mahaɗai a wasu shafuka da za su riƙa nuno nawa, cikin mako biyu shafina ya hau sahun farko a Google. Wata uku ke nan, ko sunan shagona na rubuta da ƙyar nake ganinsa. Yanzu ya dawo wai in zuba kuɗi a tallan Google, shi zai ɗaga shafin. Jarina ke zurarewa. Talla zan kama ko SEO, wato aikin ɗaga shafi a sakamakon bincike ba tare da biyan talla ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ƙara masa ko sisi.

Tallan Google kamar hayar rumfa ne a bakin kasuwa: ana gwanjon wurin duk lokacin da wani ya yi bincike, ki biya idan an danna, ranar da kuɗi ya ƙare a kwashe miki kaya. Kuma Google ta sha faɗa cewa kuɗin talla ba ya ƙara wa shafi matsayi a sakamakon bincike na kyauta. Maganarsa ta biyu ta faɗi ke nan.

Ta farkon ce ta fi ci mini rai, domin kullum sai an kawo mini irinta. Linki dubu biyar daga ina? Ki sa ya nuna miki jerin. Za ki tarar da shafukan caca, da dandalin da aka yi watsi da su shekara da shekaru, da sharhin da na'ura ta watsa cikin harshen da ba ki taɓa ji ba. Wace mai neman leshin biki ce za ta biyo ta can? Tun 2012 Google ta fito da tsarin Penguin domin kama wannan sana'a. Yau galibi watsi take yi da irin waɗannan linki, kuɗinki ya bi ruwa. In abin ya yi ƙamari, ma'aikatanta su hukunta shafin, ya nutse. Google da bakinta ta rubuta cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, amma sai ka ga yaro ya kalli bidiyo biyu ya buga kati ya zama "ƙwararre". Wasunsu har da wayo: su kai ki na ɗaya a kan doguwar jimlar da babu mai rubuta ta, su ɗauki hoton allo su turo miki ta WhatsApp. Cin dukiyar mutane ne, ko da an sa masa sunan Turanci.

Ki fara da karɓe kalmomin sirri na shafinki ki canza su. Ki shiga Search Console, shafin Google da ke nuna miki halin da shafinki ke ciki a bincike, kyauta ne, ki duba sashen Manual actions, inda ake nuna hukuncin da ma'aikatan Google suka yi wa shafi. In babu hukunci a can, ki bar linkin nan, kada wani ya sake karɓar kuɗin "wanke" su. Ki yi wa shagon rajista a Google Business Profile, wanda ke nuna shago a taswirar Google da sakamakon bincike. Kowane kaya ya samu shafinsa da sunan da masu saye ke kiransa, da farashi, da hoto mara nauyi, tunda a waya ake duba ki kuma data na da tsada. Wannan aiki yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa.

Talla kuwa ki ajiye shi sai gab da sallah ko lokacin bukukuwa. Ki ƙayyade abin da za a kashe a rana, ki taƙaita shi ga garuruwan da kike iya aika kaya, ki toshe kalmomi irin su "ɗinki" da "kyauta" don kada masu neman samfurin ɗinki su cinye miki kuɗi. Asusun tallan kuma da sunanki za a buɗe shi, da katin bankinki, ba na yaron ba.