Muryar WhatsApp: Amsa kan takardar shaidar SIL 2

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanena, na saurari tambayarka cewa kun sayo na'urar auna matsi mai takardar shaidar SIL 2 (SIL ma'auni ne na yadda za a iya dogara da tsarin kariya daga haɗari a masana'anta), kana son sanin ko tsarin kariyarku ya kai matakin ke nan. Na gane abin da kake nema, hujjar da za ka miƙa wa manaja a rufe fayil, kuma ba za ka same ta a wurina ba.

Ƙa'idar IEC 61511, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan tsarin kariya a masana'antu, wadda ta fito a 2003 aka sabunta ta a 2016, ba na'ura ɗaya take aunawa ba. Tana duba sarƙar baki ɗaya, daga na'urar da ke gano haɗari, zuwa kwamfutar da ke yanke hukunci, har bawul ɗin da zai rufe, kuma sau da yawa bawul ɗin ne ke ɗauke da kaso mafi girma na gazawa. Ma'anar SIL 2 ita ce, ranar da aka buƙaci tsarin, yiwuwar ya ƙi aiki ta tsaya tsakanin 1 cikin 100 da 1 cikin 1,000.

Ku tuna ma'ajiyar man Buncefield a Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005. Ma'aunin tankin ya maƙale, makunnin da zai tsayar da shigowar fetur kuma yana nan a wurinsa, amma ba a sa kwaɗon da ke riƙe hannun gwajinsa ba, don haka bai yi aiki ba. Fetur ya yi ta malala har wurin ya tarwatse. Kwaɗo fa, irin wanda ake sayarwa a bakin kasuwa!

Ni kaina na yi aiki a wata masana'anta inda aka tsallake makunnin kariya da guntuwar waya lokacin gyara, aka ce na kwana biyu ne. Bayan wata bakwai na tarar da wayar tana nan, na rubuta rahoto, sai aka ce ina neman tsayar da aiki. Har yau abin yana ci mini rai, domin wanda ya sa wayar ma an ƙara masa girma, ni kuwa... to, a bar wannan.

In gyara maganata, ban ce takardar shaidar banza ce ba, da alƙalumanta ake yin lissafi. Sai dai lissafin yana tafiya da tazarar gwaji: in aka tsara gwada bawul duk shekara kuka mai da shi shekara biyu, yiwuwar gazawa ta kusan ninkawa. Sannan wanda ya fitar da waɗannan alƙaluma bai san ƙurar hunturun Sakkwato ba, balle zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a kan akwatin lantarki.

Ka turo mini rahoton HAZOP ɗinku, wato binciken haɗurran da ka iya aukuwa a masana'antarku, da ranar da aka gwada bawul ɗin na ƙarshe, tukuna mu yi maganar SIL.