Me ya sa birkina ba ya kamawa sai na taka sau biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla. Kwanan nan in na taka birki sai feda ta tafi ƙasa, sai na sake takawa kafin ya kama. Wani bakanike ya ce iska ce, wani ya ce masta ce. Don Allah a yi mini bayanin yadda birki yake aiki. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka hau babbar hanya da motar nan sai an gyara ta.

Birkin ƙaramar mota da mai yake aiki. In ka taka feda, sabo, wato baƙar tukunyar nan da ke jikin bangon ɗakin inji, ita ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi. Daga nan masta, wato famfon da ke manne a gaban sabo, ta tura man birki cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu. A gaba akwai kalifa, mai matse fad biyu, wato ƴan allunan gogayya, a jikin faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A baya, motoci da yawa ganga gare su, shu, wato takalmin birki, shi ne ke buɗewa ya goge ta daga ciki. Gogayyar nan ce ke mayar da gudun mota ya zama zafi, kuma ƙafafun gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin.

Abin lura shi ne, mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. In iska ta shiga bututu, takun farko a kanta yake ƙarewa, shi ya sa kake jin feda kamar soso.

Kana iya gwadawa da kanka. Kashe inji, ka taka feda sau huɗu ko biyar, sannan ka danne ta ka riƙe. In ta yi tauri ta tsaya, zargi ya fi komawa kan iska, ko shu ɗin baya da ya yi nisa da ganga. In kuwa tana nutsewa a hankali, mai yana yoyo a wani wuri, ko robobin cikin masta sun mutu. Leƙa bayan tayoyi, ka ga ko akwai jiƙa. Iska ma ba haka kawai take shiga ba, don haka fitar da ita kaɗai ba tare da gano ƙofar da ta bi ba aikin banza ne.

Sai batun man, wanda ya fi damuna. Man birki yana shan danshi. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 140. DOT 4 kuwa 230 ne, ya sauko 155. A gangara irin ta Hawan Kibo da ke hanyar Jos, direban da ya kwanta a kan birki zai iya tafasa tsohon mai, tururi ya taru, feda ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Shi ya sa ake saukowa da ƙaramar giya, ake kuma canja man kusan duk shekara 2. Masu zuba ruwan omo a madadinsa da rayukan fasinja suke wasa. Baƙin mai kuma kumbura robobi yake yi.

In za ka sayi mai, duba murfin tankin masta, an rubuta irin wanda motarka take sha. Ka karɓi gwangwanin da ba a buɗe ba, a kuma canja fad na ƙafa biyu tare.