Wanda ya kai ƙarata shi ne shugaban kwamitin ladabtarwa, ya zan yi?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a wata ma'aikatar jiha a Daura. An ba ni takardar tuhuma, an ce in bayyana gaban kwamitin ladabtarwa, sai na tarar daraktan da ya kai ƙarata ne shugaba. Su ma alƙalai ne? Wa ya naɗa su?

Amsa: Malam, ba alƙalai ba ne, ma'aikata ne irinka da ma'aikatar ta zaɓo. Naɗin alƙali hanyarsa daban. Alƙalin Babbar Kotun Jihar Katsina gwamna ke naɗa shi bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, kuma sai ya shekara 10 da zama lauya, kamar yadda sashe na 271 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. Babban Joji da Girandi Kadi sai majalisar dokokin jiha ta tabbatar da su. Majistare da alƙalan kotunan shari'ar Musulunci na ƙasa-ƙasa kuwa Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha ke naɗa su.

Sai dai sashe na 36, mai maganar sauraron kowane ɓangare, ya hau kan kwamitin. Mutum ba ya zama mai ƙara kuma mai hukunci. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzoma, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne mataimakin shugaban jami'ar, wanda shi kansa tarzomar ta shafa, shi ya jagoranci binciken.

Inda mutane ke yin asara shi ne ƙauracewa zaman don fushi. Kada ka yi haka, za a rubuta cewa an ba ka dama ka ƙi. Kafin ranar, rubuta wa babban sakatare ka nemi a sauya shugaban, ka faɗi dalili. Kai kwafi biyu ofishin rajista, a buga hatimi da kwanan wata, ka riƙe ɗaya. Ƙorafin baki iska ce. Nemi tuhumar a rubuce da takardun da za a kafa hujja da su, kuma a ranar ka sa a shigar da ƙorafinka cikin rahoton zaman.

In aka kore ka duk da haka, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ka nufa, ita sashe na 254C ya ba hurumin rikicin aiki. Ka hanzarta ganin lauya, domin lauyoyin gwamnati kan fake da dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3.