Wannan "must" ɗin ba na dole ba ne

Malam, ka tambaya me ya sa Bature zai ce "he must be struggling", wai ana tilasta wa mutum shan wahala ne? A'a wallahi, nan "must" hasashe ne mai ƙarfi, kamar mu ce "lalle yana cikin matsi". Misali maƙwabcinka ya sayar da babur ɗinsa, yaransa kullum a gida ba makaranta, cefanen ma ya koma rabin mudu, ai ba sai ya faɗa maka ba, ido ya gani. In kuma ba ka da tabbas sosai to "might be" za ka ce, wato wataƙila. Korewar wannan "must" ɗin fa "can't be" ce, kar ka ce "mustn't", nan ɗalibai da yawa suke zamewa.